Tarihin Ebbets Field: Filin da Mutanen Brooklyn Suka Ɗauka Nasu Ne

Shekara 47 kacal Ebbets Field ya yi a tsaye, daga 1913 zuwa 1960. A cikin filayen wasan besbol na Amurka yana daga cikin ƙanana, matsattse ne, kujerunsa na katako, ga ginshiƙai suna tare wa wasu 'yan kallo gani. Duk da haka, fiye da shekara 60 bayan rushe shi, babu rusasshen filin wasa da Amurkawa ke ambato kamarsa. A cikinsa aka karya katangar wariyar launin fata a babban wasan ƙasar, a kansa kuma mutanen gari guda suka gane cewa ƙaunar abu daban, mallakarsa daban.

Ga wanda bai saba da wasan ba, besbol mutum tara-tara ake yi. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda ya ruga, ya bi tasha uku ya dawo gida, a ƙirga wa ɓangarensa maki ɗaya. Idan aka fitar da mutum uku sai a yi musanya, masu bugu su koma tsaro. Turmi tara ake yi. Manyan ƙungiyoyi sun kasu rukuni biyu, National League da American League, kuma a watan Oktoba zakarun rukunan biyu ke karawa a gasar World Series.

Asali: 1883 zuwa 1912

Brooklyn birni ce mai cin gashin kanta, da magajin garinta da majalisarta, kafin a haɗe ta da New York a 1898. Mutanenta da yawa ba su ji daɗin haɗewar ba, domin daga birni mai suna sun koma gunduma ɗaya cikin biyar, Manhattan ta tsallaken kogi kuma ta kwashe suna da dukiya. Wannan ciwon ne ya sa ƙungiyar besbol ta garin ta wuce matsayin abin nishaɗi. Ita ce kusan abu ɗaya da ya rage yana ɗaukar sunan Brooklyn zuwa sauran biranen ƙasar.

An kafa ƙungiyar a 1883, shekarar da aka buɗe gadar Brooklyn, ta kuma shiga National League a 1890. Ta sha sauya suna kafin ta tsaya a kan Dodgers, wato masu kaucewa, laƙabin da aka yi wa mutanen garin saboda yadda suke tsallen guje wa taragon lantarki da ya cika titunansu tun daga 1892.

A shekarar kafuwar ƙungiyar aka ɗauki wani matashi mai suna Charles Ebbets aiki. Shi ne mai sayar da tikiti, shi ne mai riƙe littafin lissafi, shi ne ɗan aike. Ya riƙa sayen hannun jari kaɗan-kaɗan har ya zama shugaban ƙungiyar a 1898. A farkon shekarun 1900, da ɗaya daga cikin abokan jarinsa ya so a kwashe ƙungiyar zuwa Baltimore, Ebbets ya ci bashi ya sayi hannun jarin da ya ba shi rinjaye, ya ajiye ta a Brooklyn.

A lokacin a Washington Park ake wasa, filin katako. Gobara ta addabi irin waɗannan filaye, har ta cinye Polo Grounds na maƙwabtansu Giants a 1911. Philadelphia da Pittsburgh kuwa sun riga sun gina filayen ƙarfe da kankare tun 1909. Ebbets ya hango inda iska ta nufa. Daga 1908 ya fara sayen filaye a asirce, ta hannun wani kamfani na daban don kada masu fili su farga su tsuga kuɗi. Wurin da ya zaɓa wani kufai ne a gefen Flatbush da ake kira Pigtown, inda ake zubar da shara aladu suna kiwo. Abokansa sun yi masa dariya, amma shi layukan tarago da na jirgin ƙasa da suka ratsa kusa da wurin yake kallo.

An fara gini ranar 4 ga Maris, 1912. Kuɗin aikin ya kai kusan dala 750,000, ya fi ƙarfin aljihun Ebbets, dole ya sayar da rabin ƙungiyar ga 'yan kwangila biyu 'yan'uwan juna, Edward da Stephen McKeever. Wannan rabon gida biyu ya zo ya jawo wa ƙungiyar rikicin shekaru masu yawa.

Buɗewa da zamanin Robinson na farko: 1913 zuwa 1937

Ranar 5 ga Afrilu, 1913 aka yi wasan gwaji da Yankees ta New York, ranar 9 ga wata kuma aka buga wasan gasa na farko, Philadelphia Phillies ta ci 1 da nema. Filin yana ɗaukar mutum kimanin 18,000. Abin alfaharinsa shi ne zagayayyen zauren shiga, wanda aka yi wa ado da marmara daga Italiya, a tsakiyarsa fitila mai rassa 12 masu siffar sandar bugu, kowane reshe yana riƙe da ƙwai mai siffar ƙwallo. Ana ba da labarin cewa a ranar buɗewa an manta da tuta, an kuma manta da makullin ƙofar kujerun talakawa, jama'a suka yi ta jira a waje. Wannan hira ce ta gari. Abin da ya tabbata shi ne an gina filin babu wurin zaman 'yan jarida, sai a 1929 aka yi musu.

Tituna huɗu ne suka kewaye filin, su suka yanka masa siffa. Ta ɓangaren dama, titin Bedford ya matse shi, nisan bango daga gida kusan ƙafa 300 ne kawai, sai aka ɗaga bangon sama aka ɗora masa raga. Ƙwallon da ta tsallake ragar a kan kwalta take faɗuwa, yara su bi ta da gudu tsakanin motoci.

Daga 1914 zuwa 1931 Wilbert Robinson ne mai horar da ƙungiyar, har aka riƙa kiranta Robins saboda shi. Ya kai ta World Series sau biyu. A 1916 Boston Red Sox ta doke ta, lokacin Babe Ruth yana mai jifa a can, a 1920 kuma Cleveland ta doke ta. Daga nan sai abubuwa suka lalace. Ebbets ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1925. Edward McKeever ya kamu da sanyi a wurin jana'izarsa, shi ma ya bi shi bayan kwana 11. Magada suka rabu biyu, kowane ɓangare da rabin jari, babu mai iya yanke hukunci.

A fili ma ƙungiyar ta zama abin dariya. Ranar 15 ga Agusta, 1926, bayan bugun Babe Herman, 'yan wasan Brooklyn uku suka tsinci kansu a tasha ta uku lokaci guda, wurin da mutum ɗaya kaɗai ke da haƙƙin tsayawa, aka fitar da biyu. Daga nan aka samo barkwancin da ake yi, wai wani direban tasi ya tambayi ɗan kallo yadda wasa ke tafiya, aka ce masa Brooklyn na da mutum uku a tasha, sai ya ce wace tashar? A farkon shekarun 1930 an faɗaɗa benen kallo har filin ya riƙa ɗaukar kusan mutum 32,000, amma karayar tattalin arzikin duniya ta zo daidai lokacin. Ƙungiyar ta nutse cikin bashin bankin Brooklyn Trust Company, fenti ya ɓare, kujeru suka karye.

A wannan zamani magoya baya suka fara kiran 'yan wasansu gantalallu, mai zanen barkwanci Willard Mullin kuma ya zana musu wani tsoho mai tsumma ya zama tambarinsu. Zagi ne na cikin gida. Ɗan Brooklyn zai faɗe shi da bakinsa, amma baƙo ya faɗa sai a yi rigima.

Farfaɗowa: 1938 zuwa 1942

Banki ya gaji da asara, a 1938 aka ɗauko Larry MacPhail ya riƙe ragamar ƙungiyar. Mutum ne mai zafin rai da son abin mamaki. Maimakon tsuke bakin aljihu sai ya ƙara cin bashi, ya gyara filin, ya sayi 'yan wasa, ya kafa fitilu. Wasan dare na farko a Ebbets Field an yi shi ranar 15 ga Yuni, 1938, kuma a daren ne Johnny Vander Meer na Cincinnati ya hana 'yan Brooklyn ko bugu ɗaya mai kai mutum tasha, karo na biyu a jere da ya yi haka. Har yau ba a sami wanda ya maimaita wannan bajintar ba.

Ƙungiyoyin New York uku sun yi yarjejeniyar hana watsa wasanninsu a rediyo, don tsoron kada mutane su zauna a gida. MacPhail ya yi watsi da ita, ya kawo mai sharhi Red Barber a 1939. Sakamakon ya saɓa wa tsoron: mata da yara da ba su taɓa shiga fili ba suka koyi wasan ta kunne, suka fara sayen tikiti. Tsofaffin Brooklyn sukan ce a lokacin bazara mutum zai iya tafiya daga wannan lungu zuwa wancan bai rasa jifa ɗaya ba, domin kowace taga muryar Barber ce ke fitowa. Ranar 26 ga Agusta, 1939 kuma, daga wannan filin aka fara nuna wasan manyan ƙungiyoyin besbol a talabijin.

A 1941, ƙarƙashin mai horarwa Leo Durocher, Brooklyn ta ci kambun rukuninta bayan shekara 21. A World Series ta haɗu da Yankees. A wasa na huɗu, saura mutum ɗaya a fitar Brooklyn ta yi nasara, ƙwallo ta kuɓuce wa mai cafewa Mickey Owen, Yankees suka farfaɗo suka ci wasan, washegari suka ɗauki kofi. Taken mutanen Brooklyn ya zama kalma biyu: sai baɗi.

Rayuwa a cikin filin

Abin da waɗanda suka shaida filin suka fi tunawa shi ne kusanci. Kujeru suna dab da 'yan wasa, ɗan kallo zai yi magana ɗan wasa ya ji ya mayar masa. Wurin ya yi kama da dandalin unguwa, kowa ya san kowa, kowa da mazauninsa. Akwai Hilda Chester, wadda ke zama a kujerun talakawa da ƙararrawa irin ta wuyan shanu. An ce likita ne ya hana ta ihu bayan ciwon zuciya, ta koma buga kasko da ludayi, daga baya 'yan wasa suka ba ta ƙararrawar. Akwai 'yan badujalar sa kai da ake kira Sym-Phony, waɗanda ke raka ɗan wasan abokan hamayya da kiɗan tsokana har ya zauna. Akwai Gladys Goodding mai kaɗa ogan tun 1942. A ƙasan allon maki kuma akwai tallan wani mai sayar da tufafi, Abe Stark, wanda ya yi alkawarin kwat da wando kyauta ga duk wanda ƙwallonsa ta bugi allon tallan. Da wuya a same shi, domin mai tsaron wannan ɓangaren a gabansa yake tsaye, amma tallan ya sa sunan Stark ya shiga kowane gida, har ya zama shugaban gundumar Brooklyn daga baya.

Yawancin 'yan wasan a cikin unguwannin Brooklyn suke haya, albashinsu bai nisanta su da maƙwabta ba, wasu ma sukan nemi aikin yi idan kakar wasa ta ƙare. 'Yan kallon kuwa 'ya'yan baƙin haure ne, Yahudawa da Italiyawa da 'yan Ailan da 'yan Poland, ga baƙaƙen fata da ke ta ƙaura daga jihohin kudu. A unguwa kowa da cocinsa ko majami'arsa da harshensa, amma a Ebbets Field suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Bayan besbol an yi dambe da ƙwallon ƙafa a filin, shugaban ƙasa Franklin Roosevelt ma ya yi taron yaƙin neman zaɓe a cikinsa ana ruwan sama a Oktoban 1944.

Ranar 15 ga Afrilu, 1947

Tun ƙarshen shekarun 1880 masu ƙungiyoyi suka rufe wa baƙar fata ƙofa. Ba a rubuta dokar ba, amma kowa ya san da ita, baƙaƙen fata kuma suka kafa gasanninsu na daban. Abubuwa da dama suka taru suka raunana katangar. Sojoji baƙaƙe sun yi Yaƙin Duniya na Biyu sun dawo suna tambayar haƙƙinsu. 'Yan jarida irin su Wendell Smith na Pittsburgh Courier sun shekara suna matsa lamba. Kwamishinan wasan, Kenesaw Mountain Landis, wanda a zamaninsa katangar ba ta motsa ba, ya rasu a 1944. A 1945 kuma jihar New York ta yi dokar hana wariya wajen ɗaukar aiki.

Branch Rickey, wanda ya gaji MacPhail a ƙarshen 1942, shi ya yi ta maza. Dalilinsa biyu ne kuma bai ɓoye ba: mutum ne mai riƙo da addini da ke ganin wariya zalunci ce, kuma ɗan kasuwa ne da ya ga gwanaye zube babu mai ɗauka. Ya zaɓi Jackie Robinson, haifaffen Georgia a 1919, wanda ya girma a Kalifoniya ya yi jami'a, ya zama hafsan soja. A 1944 an gurfanar da shi a kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar bas a Texas, kotun ta wanke shi. Sun gana ranar 28 ga Agusta, 1945 a ofishin Rickey da ke titin Montague. Sharaɗin da aka gindaya masa shi ne duk zagin da za a yi masa, duk dukan da za a kai masa, kada ya rama a shekarun farko, don kada abokan gaba su sami hujja. Ga mutumin da ya ƙi tashi daga kujerar bas, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne.

Bayan kaka ɗaya a Montreal ta Kanada, Robinson ya fito Ebbets Field sanye da lamba 42 ranar 15 ga Afrilu, 1947, a gaban mutum 26,623. Brooklyn ta doke Boston Braves da 5 da 3. Kafin ranar wasu abokan wasansa sun zaga da takardar ƙin amincewa, Durocher ya murƙushe ta. Mako guda bayan haka kocin Phillies, Ben Chapman, ya jagoranci 'yan wasansa suka yi ta yi masa zagin wariya a cikin wannan fili, abin da ya sa wasu da suka ƙi shi da farko suka koma bayansa. Ana yawan ba da labarin cewa kyaftin Pee Wee Reese, ɗan kudu, ya dafa kafaɗar Robinson a gaban masu ihu a Cincinnati. Masana tarihi sun yi saɓani kan ranar da wurin, sai dai abotar mutanen biyu tabbatacciya ce, kuma a 2005 aka kafa musu mutum-mutumi a Coney Island.

Robinson ya zama gwarzon sababbin 'yan wasa a 1947, gwarzon rukuni baki ɗaya a 1949. A kakarsa ta farko mutum miliyan 1.8 suka shiga filin, adadin da bai taɓa kaiwa ba kuma bai sake kaiwa ba. Roy Campanella ya biyo shi a 1948, Don Newcombe a 1949, kuma a wannan shekarar Ebbets Field ya karɓi wasan taurari na farko da baƙaƙen fata suka buga. Fitowar Robinson ta riga umarnin shugaba Truman na kawar da wariya a soja a 1948, duk wannan kuma ya riga hukuncin kotun ƙoli kan wariya a makarantu na 1954.

Baɗi ta zo: 1947 zuwa 1956

Shekara goman nan su ne ƙololuwar tarihin filin. Da Robinson da Reese da Campanella da Newcombe, ga Duke Snider, Gil Hodges, Carl Furillo da Carl Erskine, Brooklyn ta ci kambun rukuni a 1947, 1949, 1952, 1953, 1955 da 1956. Kowane karo Yankees ta tarar a World Series. Sau huɗu na farko duk an doke ta. A tsakani kuma, ranar 3 ga Oktoba, 1951, Bobby Thomson na Giants ya ƙwace mata kambu da bugu ɗaya a turmin ƙarshe, bayan ta yi wa Giants fintinkau a watan Agusta.

A 1955 ta sha kashi a wasa biyu na farko, ta dawo gida ta cinye uku a jere a Ebbets Field. Wasa na bakwai, na raba gardama, an yi shi a filin Yankees ranar 4 ga Oktoba. Matashi Johnny Podres ya hana Yankees ko maki ɗaya, Hodges ya kawo maki biyu, Sandy Amorós ɗan Kuba ya cafe wata ƙwallo da kowa ya ɗauka ta tsere. Brooklyn ta kwana tana biki, ƙararrawar coci da hon ɗin motoci suna tashi. Shi ne kofinta na farko, shi ne kuma na ƙarshe. A 1956 Yankees ta rama, ta ci wasa na bakwai da 9 da nema a cikin Ebbets Field ranar 10 ga Oktoba. Wannan ne wasan Robinson na ƙarshe. Da aka sayar da shi ga Giants a watan Disamba, ya zaɓi ritaya.

O'Malley da Moses: 1950 zuwa 1957

Ana cikin wannan nasara ƙasa na zaizayewa a ƙarƙashin filin. Walter O'Malley, lauyan da ya shigo ƙungiyar ta hanyar banki, ya karɓi shugabanci a 1950 bayan Rickey ya sayar da kasonsa a kan fiye da dala miliyan ɗaya. Lissafin da ke gabansa ba ƙarya ba ne. Bayan yaƙi, dubban iyalai sun bar Brooklyn zuwa sababbin unguwannin Long Island, sun sayi motoci, filin kuwa ba shi da wurin ajiye mota sama da 700. Talabijin ya zaunar da wasu a gida. A shekarar cin kofi ma 'yan kallo da ƙyar suka haura miliyan ɗaya, alhali Braves, da ta bar Boston ta koma Milwaukee a 1953, tana tara fiye da miliyan biyu. Jaridar garin, Brooklyn Eagle, ta mutu a 1955, taragon da ya ba ƙungiyar suna ya daina aiki a 1956.

O'Malley ya so gina sabon fili mai ƙubba da kuɗinsa a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush, kusa da tashar jirgin Long Island, har ya nemi shawarar mai zane Buckminster Fuller. Abin da yake buƙata shi ne birnin ya yi amfani da ikonsa ya karɓe filayen wurin ya sayar masa da sauƙi. Wannan iko yana hannun Robert Moses, mutumin da ke juya gine-ginen New York a lokacin. Moses ya ce dokar gidaje ta 1949 ba a yi ta don kasuwancin mutum ɗaya ba, ya miƙa masa wuri a Flushing Meadows ta gundumar Queens, inda birni zai gina fili ya ba shi haya. O'Malley ya ƙi.

Sai ya fara nuna alamun ƙaura. Ya kai wasanni bakwai Jersey City a 1956. A watan Oktoban shekarar ya sayar da Ebbets Field ga dillalin gidaje Marvin Kratter a kan dala miliyan 3, ya koma ɗan haya. Los Angeles kuwa, babban birni marar babbar ƙungiya, ta miƙa masa kusan eka 300 a Chavez Ravine. A watan Mayun 1957 National League ta amince Dodgers da Giants su koma Kalifoniya tare. An buga wasan ƙarshe a Ebbets Field daren 24 ga Satumba, 1957, Brooklyn ta doke Pittsburgh da 2 da nema a gaban mutum 6,702 kawai. Ranar 8 ga Oktoba aka fitar da sanarwar tafiya a 'yar gajeriyar takarda.

Mutanen Brooklyn ba su yafe ba. Ana ba da labarin cewa marubuta biyu 'yan garin, Pete Hamill da Jack Newfield, kowa ya rubuta sunayen mutane uku mafi mugunta a asirce, da suka buɗe sai ga Hitler da Stalin da O'Malley a duka takardun. Masu bincike na baya sun raba laifin, wasu suka ɗora wa Moses kaso mai yawa. Sai dai ƙungiyar ba asara take yi a Brooklyn ba, tana cikin mafiya riba a wasan. Abin da O'Malley ya gani a yamma riba ce mafi girma, kuma ya same ta: wasansa na farko a Los Angeles ya tara fiye da mutum 78,000. Filin da aka ba shi ma da nasa baƙin tarihin. Unguwannin 'yan asalin Meziko ne da aka tasa a farkon shekarun 1950 da alkawarin gidajen gwamnati da ba a gina ba, kuma a watan Mayun 1959 aka fitar da iyalan da suka rage da ƙarfin tsiya kafin a gina Dodger Stadium, wanda aka buɗe a 1962.

Rushewa da abin da ya biyo baya: 1960 zuwa yau

Ranar 23 ga Fabrairu, 1960, mutane kimanin 200 suka taru a filin. Lucy Monroe ta rera taken ƙasa kamar yadda ta saba. Campanella, wanda haɗarin mota ya shanye masa jiki a Janairun 1958, ya zo a keken guragu, aka ba shi ƙasar da aka ɗebo daga inda yake tsugunawa yana cafe ƙwallo. Sannan injin ya saki ƙaton dunƙulen ƙarfe da aka yi wa fenti kamar ƙwallon besbol. Da wannan dunƙulen aka rushe Polo Grounds a 1964. An yi gwanjon kujeru da bulo, jama'a suka saya don tunawa. A 1962 aka kammala dogayen benayen Ebbets Field Apartments a wurin, masu ɗaukar iyalai kusan 1,300, kusa da su kuma akwai makaranta da filin wasan yara masu sunan Jackie Robinson.

A shekarar ce New York ta sami sabuwar ƙungiya, Mets, wadda ta ɗauki shuɗin Dodgers da ruwan lemo na Giants, a 1964 kuma ta tare a filin da Moses ya gina a Flushing Meadows. Da ta gina Citi Field a 2009, fuskar Ebbets Field aka kwaikwaya, aka sa wa zauren shiga sunan Robinson. A 2012 aka buɗe Barclays Center a mahaɗar Atlantic da Flatbush, gefen wurin da O'Malley ya nema, kuma da ikon karɓe filaye irin wanda Moses ya hana shi aka share wurin. Robinson ya rasu a 1972, an binne shi a maƙabartar Cypress Hills. Tun 1997 ba a sake ba wani sabon ɗan wasa lamba 42 a manyan ƙungiyoyi ba.

Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Mutanen Brooklyn sun shekara 44 suna biyan kuɗin ƙofa, suna jure kashi, suna koya wa 'ya'yansu sunayen 'yan wasa, amma ranar da aka zauna yanke hukunci ba su da kujera ko ɗaya a teburin. O'Malley ya yi abin da ɗan kasuwa ke yi, Moses ya tsaya a kan tsarinsa, shugabannin birnin suka yi sakaci har lokaci ya ƙure, kowannensu da kasonsa na laifi. Tun daga lokacin masu ƙungiyoyi a Amurka suka koyi cewa barazanar ƙaura makami ce, birane kuma suka riƙa gina musu filaye da kuɗin haraji don gudun kada abin da ya sami Brooklyn ya same su. Har yau Brooklyn, mai mutane fiye da miliyan biyu da rabi, ba ta sake samun babbar ƙungiyar besbol ba.